Yawan hidima na neman hana mu sauraron Ubangiji

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman fastoci da dattawan ikilisiya, a kan wata ɗabi'a da muka ɗauka ibada ce alhali kuwa ita ce take cinye ibadar. Mun kai matsayin da ake auna bangaskiyar mutum da yawan kwamitocin da yake ciki. Yau koyon waƙa, gobe zaman kwamitin gini, jibi shirin babban taro, har mako ya ƙare mutum bai sami maraice guda da zai buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta a natse ba. Na sha ganin ma'aikaci yana kai da kawo a bakin ƙofar majami'a, yana jera kujeru, yana gyara lasifika, yana ƙirga baiko, a tashi sujada bai ji ko jimla ɗaya ta wa'azin ba, kuma shi ne wanda kowa yake yabo.

Labarin Marta da Maryamu a Luka 10:38-42 sananne ne, amma sau da yawa a gurguje muke karanta shi. Marta ce ta karɓi Yesu a gidanta, kuma aikin da take yi ba laifi ba ne. Luka ya kawo labarin nan dab da misalin Basamariye mai tausayi, wanda ya ƙare da umarnin a je a yi haka nan, saboda haka babu wanda zai ce ana koyar da lalaci. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne inda hidimar ta kai Marta. Hankalinta ya rabu, ta fara ƙorafi a kan 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu, ta zargi baƙon nata da rashin kula, har ta gaya masa abin da zai yi. Yesu ya kira sunanta sau biyu, ya ce tana damuwa da abubuwa da yawa alhali abu ɗaya ake bukata, Maryamu kuwa ta zaɓi rabo mai kyau da ba za a karɓe mata ba. Zaman da Maryamu ta yi a ƙafafunsa zaman almajiri ne, irin wanda manzo Bulus ya ce ya yi a gaban malaminsa Gamaliyel. A ganina, duk ranar da mai hidima ya fara lissafin waɗanda ba su zo aiki ba yana guna-guni, to ya shiga halin da Marta ta shiga, ko da aikin nasa na coci ne.

Manzanni ma sun gamu da wannan matsala. Da rabon abinci ga gwauraye ya jawo gunaguni, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, su kuma suka dage ga addu'a da hidimar Kalma, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna. Ikilisiyar Afisa kuwa an yaba mata saboda wahalarta da jimirinta, amma aka tsauta mata domin ta bar ƙaunarta ta fari.

Roƙona ga shugabanninmu shi ne su sake duba jadawalin ayyukan ikilisiya, su bar wasu ranaku babu taro, su daina ɗora muƙamai huɗu ko biyar a kan mutum ɗaya don kawai ba ya iya cewa a'a. A riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu tsaron ƙofa da masu ƙirga baiko, yadda babu wanda wa'azi zai wuce shi Lahadi biyu a jere. Idan kuma ɗan'uwa ya nemi a sauke masa wani nauyi domin ya sami lokacin addu'a, kada a ce ya yi sanyi.

Na gode.

Daga wani mai karatunku