Godiya Ga Waɗanda Suka Tayar Min Da Tsohon Injin Goge Katako

Assalamu alaikum.

Da gangan na kawo godiyar nan bainar jama'a, domin abin da na gani a wajenku ban saba ganinsa ba.

Injin nan ƙirar Wadkin ne, na birnin Leicester a Ingila. A hannun maigidana, wanda ya koya min kafinta, na gaje shi, shi ma ba sabo ya saya ba. Shekara 6 yana jibge a lungu, tsatsa ta ci faifan, boris ya ƙame, ƙafar teburin ta tsage.

Wuri uku na kai shi kafin ku. Na farko ko sauke shi daga mota bai bari an yi ba, wai in kai wa 'yan gwangwan. Na biyu ya ɗaura notin zamani da ƙarfin tsiya, ya cinye min zare huɗu, wato layukan da noti ke bi yana ɗauruwa. Na uku ya buga wa tsagar walda kamar mai gyaran ƙyauren gida, ba a yi sati ba ta sake buɗewa a gefen ɗinkin. Biyun nan na ƙarshe kuma, kowa sai da ya karɓi kuɗinsa.

Baba, kai da ke kula da sashen injuna, godiyar nan taka ce. Ka tsuguna da awonka, ka nuna min cewa zaren Whitworth ne, irin na tsofaffin injunan Ingila, kusurwarsa digiri 55, na zamani kuwa 60, don haka ba sa zama a jikin juna. Ƙafar da ta tsage kuwa, ka ce ƙarfen zubi ce, shi kuma ba ya son gaggawa: ka gasa shi tukuna, ka yi waldar da sandar nikel, ka binne shi cikin busasshen yashi ya kwana yana hucewa. Ba ka sayi komai ba sai ka kira ni. Duk abin da aka cire kuma, har ruɓaɓɓen boris ɗin, a kwali aka miƙo min.

Fenti da wayoyi ma an yi su yadda ya kamata.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda gyara ya koma cire wannan, sa wancan. Yaro ya yi wata uku a gareji ya buɗe nasa, ko awon zare ba shi da shi, kuma in ka yi tambaya ya ɗaure fuska kamar ka zage shi.

Jiya na kunna injin, na ɗora kofin ruwa a kan teburin, ko motsi ruwan bai yi ba. Akwai tsohon injin fere katako a lungun nan, Baba, in Allah Ya yarda shi ma yana tafe.