Sanarwa kan hukuncin tallar taba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga bayani ga masu tambaya kan abin da ke biyo bayan karya dokar tallar taba.

Sashe na 13 na yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba, wadda ta fara aiki a 2005, ya nemi ƙasashe su haramta tallar taba da ɗaukar nauyin wasanni ko bukukuwa da sunanta. Amma kowace ƙasa ita ke yanke nata hukuncin: tara, janye lasisi, ko tilasta cire tallar.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman tarar. Idan ta yi kaɗan, kamfani zai biya yana dariya ya ci gaba. Shi ya sa tsarin Faransa ya burge ni: tarar Yuro 100,000 ce, kuma ana iya ɗaga ta zuwa rabin kuɗin da aka kashe a tallar. Ƙungiyoyin yaƙi da taba ma suna iya shigar da ƙara.

Don Allah wanda ya ga talla, ko a intanet ne, ya ɗauki hoto da kwanan wata ya turo nan, mu haɗa mu miƙa wa hukumar da abin ya shafa.