Godiya ga ma'aikatan Gandun Dajin Yankari, musamman na sansanin Wikki

Assalamu alaikum. Tun da muka dawo Kano nake cewa zan rubuta wannan godiyar, hidima ta yi ta sha min kai, sai jiya da daddare na ji Baba yana ba wa abokansa labarin giwa a ƙofar gida karo na ban san nawa ba, na ce to yau kam sai na rubuta. Kuma na zaɓi in yi ta a bainar jama'a ne saboda mu mun fi saurin fitowa mu yi ƙorafi in an ɓata mana, in an kyautata mana kuwa sai mu yi shiru.

Kwana 3 muka yi a wajenku cikin watan Fabrairu, ni da maiɗakina da yaranmu uku da kuma Baba. Asalin tafiyar ma dan Baba aka yi ta. Mahaifinsa maharbi ne, ya tashi yana jin sunayen namun daji a bakinsa, amma shi kansa rabonsa da ganin gwanki ko ɓauna tun yana yaro, dajin garinsu duk ya zama gona. Ya daɗe yana cewa kafin ƙafarsa ta gaza yana so ya ga Yankari. Muka kwana Bauchi, da safe muka ɗau hanyar Gombe, a Dindima muka karya zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin a kai Wikki, kuma tun a wannan hanyar yara suka fara ihu dan gwaggon biri ne zaune a tsakiyar kwalta ba su da niyyar tashi.

Godiyata ta farko ga matashin da ya karɓe mu a wajen ba da ɗaki. Yana ganin Baba da sanda bai jira mun roƙa ba ya ce Alhaji bari a nemo muku ɗakin da ya fi kusa da wajen cin abinci da masallaci, ya ɗau jakar Baba da kansa ya raka mu. A hanya yake mana gargaɗi, ku rufe taga ku sa sakata, kar yaro ya fito da leda a hannu, in biri ya nufo ka kana riƙe da abinci ka sakar masa kar ka yi jayayya da shi. Da yamma muka ga dalili da idonmu, wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya kama hannun ƙofar motarmu yana ja kaman mutum, da ya ga a kulle take ya wuce ta gaba. Ga mugun dawa kuma suna kiwo a tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyinsu na gaba suna cin ciyawa, in sun firgita su ɗaga wutsiya sama su zura a guje ƴaƴansu na biye. Ƙaramar ƴata tun daga ranar ba ta da zance sai nasu.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne malamin da ya yi mana jagora cikin daji, da direbansa. Sau biyu ake fita a rana, da sassafe da kuma la'asar in rana ta yi sanyi, mu kuma sau huɗu muka fita. Tun fitar farko ya gaya mana gaskiya, ya ce nan ba gidan zu ba ne, dajin ya fi murabba'in kilomita 2,200 kuma dabba ba a ɗaure take ba, abin da Allah ya nufa za mu gani shi za mu gani. Ya ce dai kun zo a lokaci mai kyau, da rani ciyawa ta bushe ruwa ya janye, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha. Haka kuwa aka yi. Gwambaza kam har mun daina ƙirgawa, mun ga mazo, mun ga kanki, mun ga garken ɓauna da carki a bayansu yana cire musu kaska, ga kada a bakin ruwa ya buɗe baki yana shan hantsi, ga burtu yana takawa a ƙasa a hankali.

Abin da ya faru a motar nan shi ne ba zan manta ba. Da jagoran ya lura Baba yana riga shi faɗin sunan dabba, sai ya daina bayani da Turanci gaba ɗaya, ya juyo ya ce Baba ai ku ne malaman, mu ɗalibai ne. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, Baba ya faɗi yanda mahaifinsa ke bambance sawun gwanki da na kanki, shi kuma ya tsayar da mota ya nuna wa yara sawun a ƙasa daga inda muke zaune. Yarana da ba su san sunan dabba ko ɗaya da Hausa ba in ka cire zaki da kura, duk a katun suka san su, sai ga shi suna gardama wannan gwambaza ce ko mazo. Wallahi sai da na juyar da kai gefe saboda idona ya ciko.

Giwa kuwa ta ba mu wahala. Fita uku ba mu gan ta ba, sai kashinta da rassan da ta karya da ɓawon itacen da ta saluɓe. Babban ɗana har ya fara ɓata rai. Ranar ƙarshe da asuba jagoran ya ga kashi a kan hanya ya ce wannan na daren jiya ne bai bushe ba, suka yi magana ƙasa-ƙasa da direba aka canza hanya, muka yi ta tafiya a hankali ƙudan tsando na cizonmu ba wanda ya ce uffan. Can direba ya kashe mota. Da farko ƙarar karyewar reshe kawai muka ji, sai ga su sun fito daga cikin itatuwa suna tsallaka hanya, babbar uwa a gaba, ƙananan a tsakiya. Ni ban iya ƙirga su ba dan hannuna rawa yake, hoton da na ɗauka ma duk ya girgiza. Baba ya cire hularsa yana ta Subhanallahi, Subhanallahi. Jagoran bai bari an matsa kusa ba ko da wani baƙo ya roƙa dan ya samu hoto mai kyau, ya ce mai ɗa ba a matsa mata, kuma sai da ta ƙarshe ta shige sannan aka tayar da mota.

A nan ne zan miƙa godiya ga waɗanda ba mu gani ba, wato masu gadin dajin da ke kwana a jeji suna sintiri a ƙafa. Duk wanda ya shiga ɗan gidan tarihin da ke Wikki ya ga haure da fatu da tarkunan da aka ƙwace a hannun mafarauta zai gane cewa giwayen nan ba haka kawai suka rage ba. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma a duk tsawon nan giwa ta ƙare a mafi yawan dazukan Arewa amma a nan tana nan. Akwai waɗanda suka rasa ransu a wannan aikin. Allah Ya jiƙansu, Ya duba bayansu. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ta tallafa wa sintirin ita ma ta cancanci yabo, haka manoman ƙauyukan gefen daji da giwa ke shiga gonakinsu suna haƙuri.

Ruwan Wikki ba sai na yi dogon bayani ba, daga ƙarƙashin dutse yake fitowa garau kana hango yashi a ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana. Abin da zan faɗa shi ne matakalar sauka tana da tsawo ga dattijo, ma'aikata biyu suka riƙe Baba hagu da dama har ƙasa, ya zauna a bakin ruwa ya tsoma ƙafafunsa kusan awa guda, da za mu hau suka sake zuwa ba mu kira su ba. Na ba su ɗan abin shan ruwa sai da na matsa sannan suka karɓa. Masu kicin ma sun dama wa Baba kunu da safe da na ce musu ba ya shan shayi.

Kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey ba mu samu zuwa ba, zaki ma ba mu gan shi ba, jagoran ya ce sun yi ƙaranci sosai kuma ba kowa ke dacewa ba. Baba ya ce in Allah Ya kai mu baɗi da rani za mu dawo, wannan karon har da ƙaninsa da ke Wudil.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a cikin dajin nan, Ya sa albarka a albashinku.

Naku,
wani baƙonku daga Kano, a madadin Baba da iyalinsa.