Katin da ke shelar zuwanka tun kana bakin ƙofa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan wani abu da ya fara leƙowa cikin ƙungiyoyin ajiya da lamuni, irin waɗanda muke kira kofaretib a nan Najeriya, 'yan uwanmu na Gana da Kamaru kuma suke ce wa nasu kiredit yuniyon. Abin shi ne katin mamba mai magana da na'ura ta iska ba tare da an zura shi a ko'ina ba, wanda masu sana'ar ke kira RFID. Ni mamba ne a wata ƙungiyar ma'aikata, an kuma kawo mana tallar irin wannan kati. Gara a baje maganar a faifai kafin shugabannin ƙungiyoyi su soma sa hannu a takardun kwangila.

Katin ba shi da batir. A cikin robarsa akwai ɗan guntun cif da siririyar waya da aka naɗe. Idan ya shiga inda na'urar karantawa take watsa siginar rediyo, daga nan yake samun 'yar wutar da zai farka ya faɗi lambarsa. Ba shi da makunni, ba shi da makashi. Duk na'urar da ta san yarensa ta kira shi, zai amsa, ko mai shi ya sani ko bai sani ba.

Sai dai katin iri biyu ne, kuma masu talla sukan haɗa su a baki ɗaya don a ruɗe. Akwai na biyan kuɗi, wanda ake ɗan dangwala shi a jikin POS. Wannan sai ya matso kusa sosai, tazarar 'yan yatsu, kafin a karanta shi. Shi ne irin katin Cowry da mutanen Legas ke hawa motocin BRT da shi, shi ne kuma katin ATM ɗin da za ka ga an zana masa 'yan layuka huɗu masu lanƙwasa. Akwai kuma mai dogon zango, irin wanda manyan kantuna ke liƙawa a jikin kaya, da ake iya karantawa daga nisan mitoci. Shi ake so a saka a katin mamba, a kafa na'ura a ƙofar ofis, yadda da zarar ka sako ƙafa, ma'aikacin da ke kan kanta ya riga ya ga sunanka da hotonka da abin da ke asusunka a allon kwamfutarsa. Ba sabon tunani ba ne. Bankin YES na Indiya ya gwada hakan a wani reshensa na Delhi tun 2008, da sunan karrama abokin hulɗa.

Tsoron da ya fi yawo a WhatsApp a kan na farkon ne: wai ɓarawo zai goga maka POS a aljihu cikin cunkoson kasuwa ya kwashe maka kuɗi. Tsoron yana da tushe. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun gwada katunan farko-farko da bankuna suka fitar, suka tarar da yawansu suna faɗin sunan mai kati da lambarsa da ranar ƙarewarsa a sarari ga duk wanda ya kara musu na'ura, har ta cikin ambulan. Amma an yi gyara tun daga lokacin. Katin yanzu yana ƙirƙiro lambar sirri sabuwa a kowane ciniki, wadda ba ta sake amfani. Lambobi ukun nan na bayan kati ba sa cikin abin da yake faɗi. Kuɗin da aka cira da POS kuma dole su sauka a wani asusu mai BVN, wato ɓarawon ya bar sawu. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cinikin dangwale da ba a sa lambar sirri ta PIN: naira 15,000 a ciniki ɗaya, naira 50,000 a yini. Asara ce idan ta faɗa wa talaka, ban raina ta ba, amma asara ce mai iyaka, kuma akwai inda za a kai ƙara.

Na ƙofa shi ne abin da ya hana ni sukuni, don asarar da yake jawowa ba ta da iyaka kuma ba a mayar da ita.

Mu duba yadda kofaretib yake. Banki baƙo ne a gare ka. Yarinyar da ke kan kanta ba ta san mahaifiyarka ba. Kofaretib kuwa kowa ya san gidan kowa. Ma'aji abokin aikinka ne, sakatare maƙwabcinka ne, yaron da ke buga lissafi a kwamfuta wataƙila ɗan ƙanwar matarka ne. Wannan sanayya ita ce ƙarfin ƙungiyar, ita ta sa ake ba mutum bashi ba tare da takardar fili ba, sai mutum biyu da za su tsaya masa. Ita ce kuma rauninta. Abin da ya riƙe mu duk shekarun nan shi ne rufin asiri: littafin ajiyarka yana aljihunka, fayil ɗinka yana cikin kabad, ba a buɗe shi sai ka zo ka zauna ka ce ga abin da ya kawo ka.

To a ɗauka an kafa na'urar. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne da falle, benci biyu, kanta ɗaya, allon kwamfutar kuma duk wanda ya tsaya a gefen taga yana hango shi. Ranar da aka yi albashi wuri ya cika. Wata baiwar Allah, malamar firamare, ta rako ƙawarta karɓar fom, ba ta zo don kanta ba, katin yana can ƙasan jakarta tare da makullai. Tana ɗaga labule, hotonta ya faɗo a allo, ga jan rubutu a ƙasa cewa ta yi wata biyu ba ta biya bashin da ta ci na kuɗin makarantar yara ba. Wanda ya tsaya mata yana kan benci. Ba ta buɗe baki ba, ba ta miƙa wa kowa komai ba, amma an gama da ita. Tamkar an ajiye sanƙira ne a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya kwarara sunansa da abin da ake bin sa.

Mai talla zai ce a juya allon. To, a juya. Saura abin da ba a gani. Na'urar tana rubuta duk shiga da fita: wane ya zo ranar kaza da ƙarfe kaza, ya yi minti kaza, ya shigo tare da wance. A wata shida an tara labarin mutum wanda shi kansa ba zai iya tunawa ba. Wanda ya yawaita zuwa ofishin lamuni an san yana cikin matsi. Matar da take ɓoye 'yan kuɗin sana'arta don kada dangin miji su sa musu ido, an san ranakun da take kawo ajiya. Idan zaɓen shugabannin ƙungiya ya ƙarato, wanda ke riƙe da wannan rajista ya san wa ke zuwa wurin wa. Kuma lambar katin ba ta canzawa, saboda haka duk wanda ya mallaki irin na'urar, ba lallai sai ƙungiya ba, zai iya gane cewa katin da ya wuce ta nan jiya shi ne ya sake wucewa yau.

Gwamnatin Amurka ma da ta saka irin wannan cif mai dogon zango a katin fasfo na masu tsallaka iyakarta ta ƙasa, lamba kawai ta sa a ciki, ba suna, sannan ta haɗa wa kowa da 'yar riga ta musamman da ke toshe siginar idan ba a amfani da katin. Masu ƙera abin ke nan suke kaffa-kaffa da shi.

Akwai kuma maganar inda bayanan suke kwana. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da ma'aikacin kwamfuta na kansu. Kamfanin da ya sayar da kati shi zai riƙe rumbun bayanan, sau da yawa a wata na'ura da ba wanda ya san ƙasar da take. Da na tambayi wanda ya kawo mana talla, idan kwangila ta ƙare ko kamfaninku ya rufe, ina sunayenmu da hotunanmu za su tafi, sai ya yi murmushi ya ce, “Baba, komai yana cikin tsaro.” Na tambaye shi wane irin cif ne a katin, ya ce sai ya tuntuɓi ofis. Ba tambayar ƙure ba ce. Katin MIFARE Classic, wanda aka yi amfani da shi a jiragen ƙasa na Landan da Holan, masu bincike na Jami'ar Radboud sun fasa sirrinsa tun 2008, suka nuna ana iya kwafarsa. Har gobe ana sayar da irinsa da araha, kuma mu da muke neman mai sauƙin kuɗi mu ne kasuwarsa.

Kada wani ya ce ai mu bayananmu ba su da wata daraja da za a sace. Ba mu manta da kamfanonin bashin waya ba, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa da limamin unguwarsu saƙo cewa wane ɓarawo ne, saboda bashin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Sai da hukumomi suka shiga tsakani, har NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta ci ɗaya daga cikinsu tarar naira miliyan 10 a 2021. A ƙasar nan an riga an gano cewa kunyar mutum makami ce ta karɓar bashi.

Doka tana gefenmu, in za mu karanta ta. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta ce kada a tara bayanin mutum fiye da abin da ake bukata, a gaya masa abin da za a yi da shi, kuma shirunsa ba yarda ba ne. Yana da ikon janye yardarsa, da ikon neman kwafin abin da aka tara a kansa. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Dokar ba ta ware kofaretib ba. Gana ma tana da tata tun 2012. Matsalar ita ce rajistar ƙungiyoyinmu tana hannun daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha, wanda aikinsa duba littafin lissafi ne da taron shekara. Tsakanin ofishinsa da na NDPC akwai fili fetal, kuma a nan masu talla suke kiwo.

Amma ko babu doka, akwai abin da ya bambanta mu da masu hulɗa da banki, wanda shugabanninmu kan manta. Mu ne masu ƙungiyar. Tun daga ƙauyukan Jamus inda wani Bajamushe mai suna Raiffeisen ya fara irin wannan tsari a ƙarni na 19, zuwa Jirapa ta arewacin Gana inda aka kafa kiredit yuniyon ta farko a Afirka a 1955, ƙa'idar ɗaya ce: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, mai ajiyar dubu biyar da mai ajiyar miliyan biyar. Banki zai iya canza kati ya aiko maka da saƙo cewa ka zo ka karɓa. Kwamitin kofaretib ba shi da wannan hurumin. Abin da ya shafi asirin mambobi, babban taro ne wurinsa, a yi bayani da Hausar da tsohon masinja zai fahimta, a ɗaga hannu.

Ban ce a tsaya a kan littafi da biro ba. Na ga yadda ake sa hannun bogi a fom, na ga layin ƙarshen wata, na kuma san halin da muka shiga a farkon 2023 da takardun naira suka ɓace. Kati yana da amfani. A kawo mai gajeren zango, wanda ba ya magana sai mai shi ya ciro shi da hannunsa ya ɗora a kan na'ura ya sa lambar sirri. Wannan ɗorawar ita ce izini. Katin ya ɗauki lamba kawai, ba suna ba, ba hoto ba. Ma'aikaci ya ga abin da aikinsa yake bukata kaɗai, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin wani, kwamfuta ta rubuta sunansa da lokacin, kwamitin sa ido ya riƙa dubawa. Wanda ya ce shi littafinsa yake so, a bar shi da littafinsa ba tare da an mayar da shi ƙarshen layi ba. A rubuta a kwangila, baƙi a kan fari, cewa bayanan na ƙungiya ne, ba za a sayar ko a ara wa kowa ba, kuma za a goge su daga hannun kamfanin ranar da aka rabu.

Na'urar ƙofa kuwa, har yanzu ba a gaya mini matsalar da za ta warware ba. An ce don a gaishe ni da sunana. Malam Edita, ma'ajinmu ya san sunana, ya san sunan kakana.

Ina roƙon ku tura wakilinku ya zaga ofisoshin daraktocin gama-kai na jihohinmu, ya tambaye su ko ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinsu suna neman izini kafin su miƙa rajistar mambobi ga kamfanonin kati. Ya kuma tambayi NDPC ko ta taɓa fassara wa shugabannin kofaretib wannan doka da Hausa. Lokacin tarukan shekara yana tafe, kuma a irin waɗannan taruka ake wucewa da kwangila a ƙarƙashin “sauran batutuwa” bayan rabin mutane sun tashi sallar la'asar.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Zariya