Amsa ga uban da ya tambayi abin da ya kawo labari cikin darasin kimiyya

Assalamu alaikum Alhaji,

A taron iyayen yara da malamai da muka yi nan Agege, ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake sa 'yan ajina rubuta gajerun labarai a lokacin darasin kimiyya, ga kuma jarrabawar WAEC na tafe. Lokaci ya ƙure mana ranar, shi ya sa na rubuto.

Ka tuna 2014. Ranar 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti duk da matsin da aka yi mata, cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. A watan ne saƙo ya bazu ta waya cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, wai don kare kai daga cutar. Aka riƙa tashin mutane tsakar dare, har aka yi asarar rayuka.

Littafin aji zai gaya wa yaro cewa ƙwayar cutar tana bin jini da amai da gumin mai ciwo, kuma gishiri ba maganinta ba ne. Gaskiya ne. To amma da yawa cikin waɗanda suka sha gishirin nan sun yi boko, Alhaji. Muryar uwa ko muryar yaya a waya ce ta ci su, da tsoro, da nauyin ƙin bin maganar babba. Idan na ce 'yarka ta rubuta labarin wata nas da mahaifiyarta ta kira daga Kano tana kuka, tana roƙonta ta sha, tilas ta san yadda cutar ke yaɗuwa kafin ta sa wa nas ɗin magana a baki. Tilas kuma ta nemo yadda ake ce wa uwa a'a cikin ladabi, kuma wannan ya fi haddar sunan ƙwayar cuta wuya.

Haka muka yi da ƙarancin takardun naira na 2023: mai tumatir a kasuwar Mile 12, kaya na ruɓewa, kuɗin da aka turo masa ta waya sun maƙale.

Ban rage komai daga manhaja ba, tambayoyin jarrabawar baya ma muna bi kowane mako. Ranar Alhamis yaran za su karanta labaransu a aji. Don Allah ka zo ka ji na 'yarka.

Wassalam,
Malamin kimiyya na ajin 'yarka