Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Majema Da Dukawa

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan'uwa da abokan sana'a.

Bana aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne batun takardar izinin fatun namun daji. Abin da ya tayar da mu kun san shi: wani ɗan'uwanmu ya ɗinka jakunkuna da fatar mesa, ɗinki mai kyau, baki da hannu duk an lulluɓe da jan kilabo, ya aika wa mai saye a Turai, aka riƙe kayan a filin jirgi saboda babu takarda. Jarinsa kenan gaba ɗaya. Mun yi ta kai da komo, kayan ba su dawo ba.

Daga nan kwamiti ya zauna ya karanci dokar, muka bi rumfuna a Ƙofar Wambai da unguwar Majema muna bayani da baki. Ga abin da muka faɗa, don wanda bai samu halarta ba. Yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, Najeriya na cikinta, kuma akwai dokar ƙasa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tsananin tara. A yarjejeniyar, dabbobin rukuni na farko, irin su giwarmu, kadan yankinmu da ɗankunya, ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sam. Na rukuni na biyu, kamar mesa da guza, sai da izinin ƙasar da suka fito. Inda da yawa suka sha mamaki shi ne jin cewa jima da ɗinki ba sa fitar da fata daga doka: takalmi da ɗanyar fata hukuncinsu ɗaya. Izini yana hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, kamu kuma hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli (NESREA) da Kwastam.

Haka muka tsai da shawara kan fatu da kawunan farauta da ake kawo mana jima daga arewacin Kamaru, inda ake yin farautar lasisi a kewayen Benuwe da Faro. Lasisin maharbi daban, izinin ƙetare iyaka daban. Wanda bai nuna takardar ba, kada a sa fatarsa a kwatarniya, ko nawa zai biya.

Gwamnati ba wasa take ba: a Janairun bana an niƙe hauren giwa kusan tan 2.5 a Abuja. Mu ma ba ma so 'ya'yanmu su je Yankari su tarar babu giwa.

Kuɗin wata-wata sun shigo daidai gwargwado, ma'aji zai karanta lissafi a taro. Baɗi za mu fara koya wa matasa buga zanen mesa a fatar akuya, masu sha'awa su ba sakatare sunayensu.