Turancin Ɗaliban Jami'o'in Amurka Da Ba A Koyarwa A Aji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin malaman Turanci da iyaye kan wani giɓi da ake bari wajen shirya yaranmu masu tafiya karatu Amurka. Rahoton Open Doors na IIE, cibiyar da ke bibiyar ɗaliban ƙasashen waje a Amurka, ya nuna cewa a zangon karatu na 2023/2024 ɗaliban Najeriya kimanin 20,000 ne ke can, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a Afirka. Sun ci Turanci a WAEC, wasu sun zauna TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, amma abin da suka iya Turancin littafi ne da muka gada daga Ingila, wanda kuma ake yi a ɗakin kwanan ɗalibai da wurin cin abinci a Ohio ko Texas wani abu ne daban.

A ganina, kalmomin da suka shafi karatu ne ya kamata a fara koyarwa, domin su ne ba sa tsufa. Ɗalibin shekarar farko "freshman" ne, sai "sophomore", "junior" da "senior" a shekara ta huɗu. Wanda ya ce "I pulled an all-nighter" ya kwana yana karatu, abin da ɗalibanmu ke kira TDB, wato "till day break". Wanda ya ce "I aced it" ya ci jarrabawa da kyau, wanda kuwa ya ce "I bombed it" ya sha ƙasa ne kawai, babu wani abin fashewa a zancen. Mafi muhimmanci duka shi ne "office hours", wato lokacin da kowane malami ke warewa a mako yana zaune a ofis domin ɗalibai su shigo da tambayoyinsu. Yaron da ya taso da tarbiyyar cewa zuwa ofishin malami ba tare da kira ba rashin kunya ne zai ga wannan a takardar tsarin darasi ya wuce, alhali a wurin ne ake warware abin da ya shige duhu, a wurin ne kuma malami ke sanin ɗalibin da zai rubuta wa takardar shaida nan gaba.

Gaisuwa ma tana da nata tarko. Ba'amurke zai ce "What's up?" yana tafiya bai ko rage sauri ba, ba ya kuma jiran a ba shi labarin gida da gajiya kamar yadda muka saba. Idan an miƙa wa mutum abinci ya ce "I'm good", nufinsa ya ƙoshi. Wanda ya ce "I'll take a rain check" yana neman a ɗage gayyatar zuwa wani lokaci, kuma maganar ta samo asali ne daga tikitin da ake bai wa 'yan kallon wasan baseball idan ruwan sama ya hana wasa.

Akwai kuma kalmomin da rashin saninsu kan kai yaro inda bai yi niyya ba. Gayyatar da aka rubuta wa BYOB tana nufin kowa ya zo da giyarsa, "pregame" kuwa shaye-shaye ne kafin a tafi biki, ba shi da alaƙa da ƙwallo. Sakamakon wata dokar tarayya ta 1984, shekara 21 ce mafi ƙarancin shekarun sayen giya a Amurka, kuma baƙo mai bizar karatu ba shi da dalilin kusantar abin da zai haɗa shi da hukuma.

Sababbin kalmomin TikTok, irin su "no cap" (ba ƙarya) da "rizz" (iya jan hankali a harkar soyayya) wadda masu ƙamus na Oxford suka zaɓa a matsayin kalmar shekarar 2023, su ne matasa suka fi ɗokin koya, su ne kuma suka fi saurin gushewa. Da yawansu daga bakin baƙaƙen fatar Amurka suka fito, kuma suna da ƙa'idojin wanda zai faɗa da inda zai faɗa waɗanda baƙo ba zai gane daga waƙa ba. Shawarata ita ce ɗalibi ya fahimce su idan ya ji, amma ya yi jinkirin furta su, kada kuma su shiga saƙon imel zuwa ga malami.

Don haka ina roƙon jaridarku ta ware ɗan gurbi a shafin ilimi inda za a riƙa bayanin irin waɗannan maganganu da Hausa, tare da nuna wa za a faɗa wa kowace da kuma inda ba ta dace ba.

Naku,
Wani malamin Turanci, Zariya